Ranar da Kawu Tukur Ya Yi Shiru

Dutsin-Ma,
Satumba, 2021.

Zuwa ga Kawu Tukur,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Hawwa'u da duk mutanen gida. Yaya idon? Ina fata kana ɗiga maganin yadda likita ya ce, ba sai ranar da ka tuna ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Ja'afar yana gaishe ka. Hafiza ta koma makaranta, Fahad kuwa zazzaɓi ya ɗan taɓa shi amma ya miƙe.

Tunda aka katse layukan waya a yankinmu na rasa yadda zan ji muryarka, shi ya sa na koma takarda. Alu direba ya ce kullum ta ƙofar gidanka yake wucewa in ya ɗauko fasinjan Kurfi, zai riƙa kai mana.

Na gode ƙwarai da yadda ka buɗe mini ƙofar ƙungiyarku ta manoma da makiyaya. Marigayiya mahaifiyata takan ce duk da kakanni kawai kuka haɗa, ba ta da ɗan'uwan da ya fi ka riƙe zumunci. Na ga haka da idona.

Ran nan ka tambaye ni cikin raha, wai duk shekarun nan a jami'a me nake nema da har yanzu ban samu ba. Tambaya ɗaya ce, Kawu: me ke sa mutumin da ke ƙarƙashin shugaba ya kawo sabuwar dabara, me kuma ke sa ya haɗiye ta? Na bi ta shagon teloli, da injin casar shinkafa, da wani ƙaramin asibiti. Ban ga inda amsar ta fito fili kamar a wurinku ba.

Na gama sauraron hirarrakin da na ɗauka a Kurfi da Barkiya da Ɗantutture. Kusan kowa abu biyu yake ambata in na ce me ya fi amfanar su. Na farko, tsarin da Ikrima ya kawo na kwanan shanu a gonaki bi da bi bayan girbi, yadda mai ƙaramar gona ma yake samun taki. Na biyu, rumbun wake na mata da Batula ta fara. Abin da ya ja hankalina shi ne duka biyun a lokacin da ba ka nan aka fara su: na farko kana aikin Hajji, na biyu kana kwance a Katsina an yi maka aikin ido. A kan wannan zan gina takardar da nake rubuta wa mujallar bincike, wadda da ita nake sa ran ƙarin girma.

Akwai sauran bayani, amma Alu yana ta danna hon a waje. Abu ɗaya kawai: shugaban tsangayarmu ya nemi in karɓi shugabancin sashenmu. Ban amsa ba. Ina son jin shawararka.

Taka,
Mardiya.

*

Kurfi,
Satumba.

Ɗiyata Dakta Mardiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da jin kuna lafiya. Allah Ya ƙara wa Fahad sauƙi. Idon da dama, ina ganin layin takarda sarai, har da abin da ke ƙarƙashin layin. Gero ya yi kyau bana, dawa ma ta fara nuna.

Na karanta abin da kika gano. Na ba Hawwa'u ta karanta mini kuma, ko idona ne ya yi mini ƙarya. Bai yi ba.

Lokacin da na bar aikin malamin gona na kafa wannan ƙungiya, manomin Barkiya da mai shanu ba su zama tabarma ɗaya. Ni na yi ta yawo gida-gida da rugga-rugga a kan tsohon babur har suka yarda. Ban taɓa neman a gode mini ba. Amma ban zaci ɗiyata ce za ta zo da na'urar ɗaukar magana, ta sha furar gidana, ta koma ta rubuta wa duniya cewa alheri ba ya samun mutanena sai na yi tafiya ko na kwanta ciwo.

Ban ce ƙarya kika yi ba. Ke mai ilimi ce, kin kuma ji daga bakinsu. Tunda haka ne, ba zan tsaya in tare masu hanya ba. A taron bayan girbi zan ajiye shugabanci, su zaɓi wanda suke so. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki cire ƙungiyarmu daga takardarki. Ina da jikoki masu karatu.

Batun shugabancin sashenku, ba ni ne zan ba ki shawara ba. Ki tambayi wanda rashinshi bai fi zamanshi amfani ba.

A gaishe da Ja'afar da yara.

Kawunki,
Tukur.

*

Dutsin-Ma,
Oktoba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, sai dai takardarka ta tayar mini da hankali. Sai jiya ta iso hannuna. Motar Alu ce ta lalace, ta daɗe a gareji da takardar a cikinta, ni kuwa ina nan ina zaton aikin gona ne ya hana ka amsawa.

Don Allah ka yafe mini. Rabin magana na aiko maka saboda gaggawa. Ga sauran.

A injin casar shinkafar da na yi bincike, in mai wurin ya yi tafiya ko fitilar da ta mutu ba mai canzawa sai ya dawo, don kowa tsoro yake ji. Ku kuwa ka tafi Makka, mutanenka suka zauna da kansu, manomi da makiyayi, suka ƙirƙiro abin da babu shi a da. Na tambayi Ikrima ko bai ji tsoron ka dawo ka yi faɗa ba. Ya ce, "Alhaji ba ya rushe abin da ya ga yana aiki, ko ba shi ya gina ba." Batula ta ce ranar da aka sallamo ka daga asibiti, da bandeji a ido ka sa aka kai ka ka shafa buhunan waken da hannunka. Abin da nake nufi ke nan: ka gina mutanen da ba sa mutuwa in ka ba da baya. Shugabanni kaɗan ne ke iya haka.

Amma ba zan lallashe ka da rabin gaskiya ba, kai ka hana mu wannan tun muna yara. Akwai ɗaya ɓangaren. Na zauna a tarukanku. Kai kake buɗe magana, kuma in ka faɗi ra'ayinka babu mai ƙarawa. Ba tsoronka suke ji ba, nauyinka suke ji. Wani ya ce mini, "In Alhaji ya riga ya faɗa, sai in ga tawa ta zama rashin kunya." Wannan ba laifi ba ne irin wanda ake sauka a kansa. Na gan shi a wurare da yawa, kuma ya fi faruwa ga shugabannin da ake ƙauna.

In ka sauka bana, da shanu ba su iya shiga daji saboda 'yan bindiga kuma kowa a tsorace yake, ina tsoron tabarmar nan za ta koma biyu. Zai zama ni na jawo.

Batun takarda, na bi umarninka. Na rubuta wa masu mujallar cewa na janye ta. Ƙa'idar aikinmu ce, in mai wuri ya ce a'a, an gama. Ƙarin girma ya jira.

Na so in taho da kaina, Ja'afar ya ce in bari hanya ta ƙara lafawa. Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Taka,
Mardiya.

*

Dutsin-Ma,
ƙarshen Oktoba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Alu ya rantse mini a hannunka ya sa takardata, ya ce ka karɓa ka sa a aljihu ka tambaye shi kuɗin mota zuwa Katsina nawa ne yanzu. Ban san me zan fahimta daga wannan ba.

Ga zuma na aiko wa Inna Hawwa'u saboda tarin da na ji tana yi. Ban nemi ka huce ba. Ina so kawai in san kana lafiya, kuma ba ka yanke hukunci ba tukuna.

Mardiya.

*

Kurfi,
Nuwamba.

Ɗiyata Mardiya,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. Zuma ta iso, tarin ya tafi, Hawwa'u tana sa maki albarka. An gama girbi, mun gode Allah. Katsina da na tambayi Alu, komawa ganin likitan ido ne, ya ce in ci gaba da ɗiga magani. Kada ki riƙa karanta abin da ba a rubuta ba, wannan aikina ne.

Ban amsa maki ba saboda ban san me zan ce ba. Rabin farko na takardarki ya yi mini daɗi, rabin ƙarshe ya tsaya mini a wuya. Na karanta wa Hawwa'u, ina jiran ta ce ba haka ba ne. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Alhaji, ko a gidan nan wa ya taɓa ƙarasa magana kana zaune?" Na ce mata ai ba a kanta ake bincike ba.

An yi taro ranar Asabar bayan La'asar, a gindin darbejiyar nan ta gaban sito. Na tafi da niyyar sauka. A hanya na ce bari dai in gwada abin da yarinyar nan ta faɗa, in ya zama shirme in sauka da hujja.

Bayan addu'a na ce, "Jama'a, kun san shanu ba su shiga daji bana, kuma abincinsu zai yanke kafin ruwa ya sauka. Yau ba ni da magana. Ku faɗi abin da kuka gani." Na jefa goro a baki.

Mardiya, ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Kowa ya zuba mini ido. Malam Bilya, sakatarenmu, ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, ko jikin ne?" Na ce lafiyata ƙalau. Aka ƙara yin shiru. Amsa tana bakina a shirye, wato mu haɗu mu sayo dusa da ƙaiƙayi tun suna araha. Na danne ta da goro.

Can sai Mas'ud, mai shanun nan na ruggar bayan Barkiya, ya gyara zama. Ya ce, "Alhaji, akwai shawarar da na taɓa kawowa, ka ce ba a yi wa saniya noma."

Na tuna. Kuma har gobe ina ganin a wancan lokacin daidai na faɗa, don daji a buɗe yake, ciyawa kyauta. Amma na ce, "Sake faɗi, waɗansu ba su ji ba."

Ya ce filin ƙungiya na bakin fadama da ke zaune haka nan, a yi mashi noman rani don abincin dabbobi. Ikrima ya ce wa zai yi ban ruwa wata da watanni don ciyawa kawai? Sai Batula ta ɗaga murya daga wajen mata ta ce, "To wa ya ce ciyawa? A shuka wake. Mu mu ɗauki ƙwaya, su su ɗauki harawa." Wani daga Ɗantutture ya ce yana da injin ban ruwa da ke kwance tun bara. Kafin ka ce me, mutum uku-uku ke magana a lokaci ɗaya, Malam Bilya ya ajiye biro ya riƙe kai.

Da aka zo kan wa zai yi gadi, abin ya so ya lalace. Wani manomi ya ce ba zai bar masu shanu su tsare wake ba, ya tono maganar geron da aka cinye mashi tun kafin a haifi ɗanshi na fari. Ƙanen Mas'ud ya miƙe tsaye da sandarshi. Nan na tofar da goro. Na kira kowannensu da sunan ubanshi, na tuna masu wanda ya ɗauki gawar mahaifin wani, da wanda ya ba wani sa ya yi huɗa shekarar da nashi ya mutu. Suka zauna. Aka tsayar da gadi mutum biyu-biyu, manomi ɗaya mai shanu ɗaya.

Da za a tashi na faɗa masu cewa da niyyar sauka na zo. Mas'ud ya ce, "In ka sauka, mu mutanen rugga mun sauka tare da kai." Batula kuwa cewa ta yi, "Ka zauna, Alhaji. Amma irin zaman yau." Aka yi dariya, har da ni, ko da yake tawa ba ta kai ciki ba.

Yanzu Ikrima ne zai riƙa jan taro, ni ina gefe, sai an gama in yi magana. Na kuma kawo maganar dusa a ƙarshe, aka karɓi rabinta.

Batun sashenku da na ƙi ba ki amsa: ki karɓa. Wanda ya daɗe yana kallon masu huɗa daga kan kunya, ya kamata wata rana ya riƙe garma ya ji nauyinta.

Kawunki,
Tukur.

*

Dutsin-Ma,
Disamba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Duk muna lafiya. A ofis na buɗe takardarka, na yi dariya har da hawaye, sai da ɗalibar da ke jirana ta tambaya ko lafiya. Na karanta wa Ja'afar maganar Inna Hawwa'u, ya ce a gaya mata ya goyi bayanta, wai abin a jininmu yake.

Na karɓi shugabancin. Na kuma yi taron farko da malamai. Na shiga da dabarata, na ce ba zan yi magana ba sai kowa ya faɗi tasa. Ka san me ya faru? Wani babban farfesa da ya koyar da ni, mutumin kirki ne ƙwarai, ya ga fili ya samu, ya riƙe magana har aka kira Azahar. Ƙananan malamai ko tari ba su yi ba. Na fito ina tunanin ashe shirun shugaba shi kaɗai ba ya isa, in akwai wani babba da zai cike gurbin.

Da yamma wani sabon malami, Zaharaddin, ya ƙwanƙwasa ofishina. Ya daɗe yana juya hularsa kafin ya ce yana ganin maimakon ɗalibanmu na ajin ƙarshe su riƙa rubuta aikinsu daga littattafai, a tura su su zauna da masu sana'a a gari, teloli da maƙera da ƙungiyoyi irin taku. Na ce me ya hana ka faɗa a taro? Ya ce, "Ranki ya daɗe, a gaban Farfesa?" Yanzu kafin kowane taro ina bi ofis-ofis ina shan shayi da ƙanana. Farfesan kuma na roƙe shi ya riƙa rufe mana taro da nasiha, ya ji daɗi sosai. Ga sabuwar tambayar bincike ta faɗo mini, kuma wannan karon ni ce a ciki.

Aikin yana cin lokaci, amma ina jin daɗinsa fiye da yadda na zata. Da safe kafin lacca nake rubutuna.

Kawu, ina neman izini, kuma in ka ce a'a ba zan sake tayar da maganar ba. Ina so in mayar da takardar nan, in ƙara da labarin taron Asabar. Ba wanda zai gane ku. A ƙa'idarmu ana sauya sunaye: garin zai zama "wani gari a arewa", kai kuma "Malam Garba". Zan kawo maka ita da Hausa ka ji kowane layi kafin ta tafi.

Yaya waken fadama?

Taka,
Mardiya.

*

Kurfi,
Disamba.

Ɗiyata Mardiya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Allah Ya taya ki riƙo, Ya ba ki haƙuri da farfesanki. Ki riƙe shi da kyau, akwai ranar da ƙanana za su kama wuyan juna, a ranar za ki san amfaninshi.

Wake ya fito, kore shar. Jiya na je na tarar da Mas'ud da manomin nan mai maganar gero suna gadi tare, suna gardama a kan wanda ya fi iya gyaran injin. Ban sa baki ba. Ki turo ɗaliban Zaharaddin, akwai aiki, amma su zo da takalman shiga laka.

Na kai maganar takardarki gaban taro, tunda yanzu ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba. Sun yarda. Batula ta ce ita ba ta ga dalilin ɓoye sunanta ba, ba sata ta yi ba. Ikrima da Mas'ud ma haka. In ƙa'idarku ta yarda da wanda ya ba da izini da bakinshi, ki sa sunayensu na gaskiya.

Ni ma ban san wani Malam Garba ba. Ki rubuta Tukur.

Sharaɗina ɗaya ne. Kada ki rubuta cewa kin faɗa wa shugaba gaskiya, ya yi murmushi ya gode maki. Ki rubuta cewa ya yi fushi, ya ƙi amsa takardar ɗiyarshi, ya kusa watsar da aikin rayuwarshi saboda layi ɗaya. Duk shugaban da zai karanta wannan takarda, in ya ga kanshi a ciki, abin da zai fara ji ke nan. Gara ya san wani tsoho a Kurfi ya ji irinshi, kuma bai mutu ba.

Ki zo da yara hutun nan. Hawwa'u ta ce in gaya maki tana da maganganu da yawa da take son ƙarasawa, yanzu da ta samu fili.

Kawunki,
Tukur.